Maruru ba abin matsewa ba ne

Jama'a, ku yi haƙuri zan yi tsawo yau, abin ne ya tsaya mini a rai.

Watan jiya maruru ya fito wa ƙanina a cinya. Aka ce a bari ya nuna. Da ya yi baki sai wani abokinsa ya sa yatsu biyu ya matse, aka fasa kafson Ampiclox aka barbaɗa garin a kai, ya haɗiye biyu, shi ke nan wai an gama. Kwana uku sai ga kaluluwa a matsematsi, cinya ta yi jajir ta ɗau zafi kamar garwashi, zazzaɓi na kaɗa shi har haƙora na haɗuwa. Da muka kai shi asibiti aka tsaga wurin, mugunyar da ta fito ta kusa cika ƙaramin kofi, warinta kuwa har yanzu ban manta ba. Likita ta ce a auna sukarinsa tunda wannan ne na huɗu a shekara guda. Ashe ciwon sukari ne da shi, ba wanda ya sani.

Mugunya ba "dattin jini" ba ce kamar yadda muke faɗa. Gawarwakin fararen ƙwayoyin jini ne da suka yi yaƙi da ƙwayar cuta, haɗe da ƙwayar cutar da ruɓaɓɓen nama. Yawanci mai haddasa maruru ita ce Staphylococcus aureus, wadda kusan mutum ɗaya cikin uku ke ɗauke da ita a hanci ba tare da ciwo ba. Jiki yakan yi wa mugunyar katanga don kada ta bazu. In ka matse da ƙarfi, kana iya fasa katangar ta ciki ka tura cutar cikin nama da jini. Kuma tunda jini ba ya ratsa cikin wannan aljihun, magani ma da ƙyar yake isa can. Shi ya sa babban maruru sai ma'aikacin lafiya ya tsaga da tsaftataccen ƙarfe ya fitar.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kafso biyu-biyun nan da muke saya a kemis. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗin cewa shan maganin da bai kai ƙima ba yana koya wa ƙwayar cuta jurewa. A 1961 aka fara ganin nau'in Staphylococcus aureus mai jure magani da ake kira MRSA a Ingila. An ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu saboda ƙwayoyin cutar da magani ya daina ci, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina shan kashi. Mu ke nan fa.

Ƙaramin maruru dai ka gasa shi da tsumma mai tsafta da ruwan ɗumi sau uku ko huɗu a rana, in ya fashe da kansa ka wanke ka rufe, kada ku yi tarayyar tawul ko reza. Amma wanda ya fito a hanci ko leɓen sama, don Allah kada hannu ya taɓa shi, jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Haka in akwai zazzaɓi, ko jan yana yaɗuwa, ko jariri ne, ko nonon mai shayarwa, a tafi asibiti ranar.

Ƙanina ya kwana shida a gadon asibiti, har yanzu ana masa wankin ciwo duk bayan kwana biyu. Ku sa shi a addu'a.