Wasiƙun Timoti da Titus: sanin marubuci ba zai raba gardama ba

Duk lokacin da gardama ta tashi a ikkilisiya kan ko mace za ta hau mumbari, ko kan wanda ya cancanci zama dattijo, ba a jimawa sai wani ya buɗe 1 Timoti, ya karanta aya, ya ce Manzo Bulus ya gama magana. Sai wani da ya leƙa makarantar tauhidi ya ce ai ba Bulus ne ya rubuta wasiƙar ba, shi ma ya naɗe hannu. A ganina dukansu biyu gajerar hanya suka bi, domin kowannensu yana so sunan marubuci ya ɗauke masa wahalar karatu.

Wasiƙun uku ne, 1 Timoti, 2 Timoti da Titus, surori 13 gaba ɗaya. Biyu an aika wa Timoti, wanda aka bari a Afisa, ɗaya kuma Titus a tsibirin Karita. Magana ce ta tsarin jama'a: wa za a naɗa, wa za a tsawata wa, yaya za a yi da masu koyarwar ƙarya. Ƙarni bayan ƙarni kusan babu mai tababa a kansu, sai a 1807 da malamin Jamus Friedrich Schleiermacher ya ce 1 Timoti ba ta yi kama da rubutun Bulus ba. F. C. Baur ya faɗaɗa maganar a 1835. A 1921 P. N. Harrison ya zauna ya ƙirga kalmomin Helenanci da ke cikinsu: in an cire sunayen mutane da wurare akwai 848, kuma 306 daga ciki ba su zo a sauran wasiƙu goma masu ɗauke da sunan Bulus ba.

Ƙidayar kalmomi ita ce hujjar da aka fi yayatawa, amma ni ita ce ta fi ƙaranci a idona. Mutum yakan sauya harshe in ya sauya abokin magana, kuma Bulus ba ya rubutu da hannunsa kullum. A Romawa 16:22 magatakardansa Tartiyas ya gai da jama'a da sunansa. Abin da ya fi nauyi shi ne yanayin ikkilisiyar da wasiƙun suke nunawa. A Koranti Bulus yana fama da jama'ar da kowa ke da baiwa, kowa na son magana. A nan kuwa akwai muƙamai da sharuɗɗan shiga, akwai rajistar gwauraye, kuma bangaskiya ta zama amana da ake tsarewa a miƙa wa na baya. A 1 Korantiyawa 7 Bulus ya fi so gwauruwa ta zauna ba aure. A 1 Timoti 5:14 an ce gwauraye masu ƙuruciya su yi aure su haihu. Ga kuma tafiye-tafiyen da aka ambata, waɗanda ba sa shiga labarin Ayyukan Manzanni, sai dai a ce an saki Bulus daga kurkukun Roma, ya sake yawo, aka sake kama shi kafin mutuwar Nero, sarkin Roma, a shekara ta 68. Eusebius, marubucin tarihin ikkilisiya, ya ruwaito haka, amma a ƙarni na huɗu.

Mai karatu Musulmi zai gane wannan aiki, don ya yi kama da na malaman hadisi: a duba sarƙar masu ruwaya, a duba lafazin. To, sarƙar a nan ba ta da rauni kamar yadda wasu ke zato. Gaskiya ne Marcion, malamin da ikkilisiya ta ƙi koyarwarsa, wajen shekara ta 144, ya tara wasiƙun Bulus goma ba tare da waɗannan uku ba, kuma ba sa cikin abin da ya rage na tsohon kundin wasiƙun Bulus da ake kira P46. Amma Polycarp, bishop na Simirna, a farkon rabin ƙarni na biyu, ya yi magana kan son kuɗi da lafazin da ya yi daidai da 1 Timoti 6. Irenaeus, shi ma bishop, wajen 180, ya jingina su ga Bulus kai tsaye. Akwai kuma guntun takardar Titus mai shekaru kusan 1,800 a ɗakin karatu na John Rylands da ke Manchesta. Sa'an nan 2 Timoti 4:13, inda marubucin yake roƙo a kawo masa alkyabbar da ya bari a Taruwasa da littattafansa, yana da wuya a karanta shi ba a ji muryar tsoho ɗaurarre mai jin sanyi ba.

Ni dai na fi karkata ga abin da I. Howard Marshall ya kawo a sharhinsa na 1999: wani na kusa da Bulus ne ya tsara wasiƙun bayan rasuwarsa, da kayan da ya bari, ba da niyyar yaudara ba. Sai dai kada a yi saurin cewa mutanen dā ba su damu da aron suna ba. Tertullian, marubucin Kirista na zamanin dā, ya ba da labarin wani dattijo a Asiya da ya ƙaga littafi kan ayyukan Bulus, ya ce ƙaunar Bulus ce ta sa shi, duk da haka ya rasa muƙaminsa. Kuma har yau akwai manyan masana, irin su Luke Timothy Johnson, da suka tsaya a kan cewa Bulus ne. Wanda ya ce an gama wannan bincike bai faɗi gaskiya ba, ko ta wane ɓangare yake.

Yanzu a ɗauka an tabbatar ba Bulus ba ne. Me ya sauya? Wasiƙun na nan cikin Sabon Alkawari na Katolika, da na Orthodox, da na Furotesta. Ikkilisiya ba za ta yage su ba don wani farfesa ya ƙirga kalmomi. A ɗauka kuma an tabbatar Bulus ne. Nan ma ba a huta ba, domin Bulus ɗin da ya hana mace koyarwa a 1 Timoti 2:12 shi ne ya yabi Fibi mai hidima a ikkilisiyar Kankiriya a Romawa 16, shi ne ya tsara yadda mace za ta yi addu'a da annabci a taro a 1 Korantiyawa 11, ko da yake sura ta 14 ta wannan wasiƙa ita ma ta ce mata su yi shiru. Dole mai wa'azi ya bayyana yadda waɗannan ke zama tare, ya kuma tambaya ko umarnin na Afisa ne, inda masu koyarwar ƙarya suke hana aure suna shiga gidaje, ko na kowane zamani ne.

Gaskiyar da ba a cika son faɗa ba ita ce, kowa yana zaɓe. 1 Timoti 6:1 da Titus 2:9 sun ce bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu, kuma masu bayi a jihohin kudancin ƙasar Amurka sun yi ta kafa hujja da su kafin yaƙin basasar ƙasar. Yau babu faston da zai kare bauta. 1 Timoti 5:23 ta shawarci Timoti ya ɗan sha ruwan inabi saboda cikinsa, ikkilisiyoyin da suka haramta giya kuwa sun ce wannan magani ne na wancan lokaci. Kitso da zinariya da sura ta biyu ta hana, ku leƙa taron Zumuntar Mata ku gani ko ana bin sa harafi da harafi. Ban ce sun yi laifi ba. Na ce wanda ya duba zamani a aya ta 9 ba shi da hurumin hana wani duba zamani a aya ta 12, sai in ya kawo dalili. Cocin Anglikan na Najeriya, alal misali, ba ya naɗa mata firistoci, alhali Cocin Ingila ya fara a 1994, littafi ɗaya suke karantawa.

Haka batun "mijin mace ɗaya" na 1 Timoti 3:2. Sharaɗi ne na shugabanci, amma a Afirka aka shimfiɗa ruhinsa har kan baftisma. Taron Lambeth na 1888, wato taron bishop-bishop na Anglikan na duniya, ya hana yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma. Shekara ɗari cif bayan haka, a 1988, taron ya yarda a karɓe shi da matansa masu ba da gaskiya, muddin ba zai ƙara aure ba, ya kuma ce kada a tilasta masa korar ko ɗaya, saboda halin da matan za su shiga. Ayar ba ta sauya ba. Masu karatun ne suka lura da matan da ake kora da 'ya'yansu.

Wani abu kuma da ke ba ni mamaki: ayoyin da ake ta da jijiyar wuya a kansu biyu ne, 1 Timoti 2:11 da 2:12. Wasiƙar kuwa ta ba gwauraye ayoyi 14, daga 5:3 zuwa 5:16, ta fayyace wadda dangi za su riƙe da wadda ikkilisiya za ta ɗauki nauyinta. A Borno, Adamawa, Filato da kudancin Kaduna, inda rikici ya bar mata da yawa ba mazaje, wannan sashe ne ya fi cancanta majalisar dattawa ta zauna a kansa da littafin kuɗin coci a buɗe.