Kada ku sayi harsashin bindigar iska saboda sunan kamfani kawai

'Yan'uwa masu harbin bara da ƙaramar bindigar iska, akwai abin da ke damuna. Sai mutum ya sayi bindiga mai kyau, ya ji an ce harsashin kamfani kaza shi ne gaba, ya kwaso gwangwanaye ya ajiye, alhali bai taɓa gwada shi a bindigarsa ba. In harbi ya watse kuma sai ya ɗora wa bindigar laifi.

Batun siffa ba ya buƙatar doguwar magana. In takarda kake harbi a nisan mita 10, yadda ake yi a gasar ISSF, wato hukumar wasan harbi ta duniya, da kuma a Olamfik tun 1988, harsashi mai faffaɗan kai za ka nema, na milimita 4.5. Shi ne ke yanka takarda rami zagayayye tsaf, a ƙirga maki ba gardama. Mai zagayayyen kai ya fi riƙe hanya a nesa da cikin iska. Mai tsini kuwa, ni dai ban ga amfaninsa a wannan harka ba.

Nauyi ma da sauƙi. Ƙaramar bindiga ba ta tura harsashi da ƙarfin doguwa, shi ya sa kamfanin RWS ke yin harsashinsa na gasa mai suna R10 iri biyu, na giram 0.45 don ƙarama, na 0.53 don doguwa.

Inda maganar take shi ne cikin bututun bindigar. Ku duba gwangwanin harsashin gasa, za ku ga 4.48 ko 4.49 ko 4.50 ko 4.51. Faɗin kan harsashin ke nan. Bambancin bai kai kaurin gashi ba, amma shi ke nuna yadda kan zai kama zanen da ke murɗa shi a cikin bututu. Gindinsa mai rami kuma iska ce ke buɗa shi ya toshe bututun, kada ta zurare ta gefe. Bindigogi biyu ƙirar kamfani ɗaya, wannan ta so 4.49, waccan ta ƙi shi. Har zubi ma ya bambanta: kamfani ɗaya, suna ɗaya, amma lambar zubin da ke jikin gwangwani daban, sakamako daban.

To a gwada mana! A ɗaure bindigar yadda ba za ta motsa ba, ko a ɗora ta a kan abu mai ƙarfi, a harba goma goma daga kowane iri, a ga wanda ramukansa suka fi taruwa wuri guda. Harbi uku ba ya nuna komai. Wanda ya yi, a sayi zubin nan da yawa tun bai ƙare ba. A kuma kula da ajiya, don dalma ce, laushi gare ta. Gwangwani ya faɗi ƙasa, gindin wasu ya lanƙwashe, waɗannan sai dai a ware su.

Amma kada gwajin ya cinye lokacin atisaye. Da'irar maki goma a takardar ƙaramar bindiga faɗinta milimita 11.5 ne, kuma harsashin gasa mai kyau yana taruwa a cikinta da sauran fili. In kana jefa bakwai da takwas, dubi hannunka da yadda kake jan kunamar, wadda dokar gasa ta ce nauyin janta kada ya gaza giram 500. Harbi 60 ake yi a gasa da hannu ɗaya, a nan ne maki ke zubewa.