"Binciken Ɓera Ne Kawai" Ba Hujja Ba Ce

Wanda ya fito jiya yana cewa maganar illar BPA, sinadarin da ake haɗa wasu robobi masu tauri da shi, "binciken ɓera ne kawai", har mutane suna ta tura maganarsa, ya yi wa iyaye mata illa babba. Bai san aikin Farfesa Patricia Hunt ba, kuma da ya san shi da bai buɗe baki ba.

A 1998, a jami'ar Case Western Reserve da ke Ohio a Amurka, Hunt tana nazarin ƙwayayen haihuwar ɓeraye mata. Ba ta neman wata roba. Kwatsam ɓerayen da ke lafiya lau, waɗanda take auna sauran da su, suka rikice: ƙwayayen da kuromosom ɗinsu (zaren da ke ɗauke da halittar gado) bai jeru daidai ba suka tashi daga kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari zuwa kusan kashi 40. Da aka bi diddigi, ashe wani ma'aikaci ne ya wanke kejin ɓerayen da gorunan ruwansu da sabulu mai kaifi wanda bai dace ba. Sabulun ya cinye fuskar robar polikabonet da aka yi su da ita, BPA ya zubo cikin ruwan sha. Ta sake gwadawa da gangan, abin ya maimaitu, ta wallafa a 2003.

Abin da ya saki sinadarin shi ne wankin da ya lalata robar. Zafi, sabulu mai kaifi, da gogewa har robar ta yi zane. Wannan ne ake yi wa fidar jariri kullum: a zuba tafasasshen ruwa, a goge da soson ƙarfe, a bar ta ta yi fari-fari ana ci gaba da amfani da ita.

Masu cewa ɓera ba mutum ba ne, to a 2012 Hunt da abokan aikinta sun ga irin wannan lahani a ƙwayayen 'yan tayin birai. Masu cewa ɗan kaɗan ne, ai homon, wato sinadaran da jiki ke aika saƙo da su, shi ma da ɗan kaɗan yake aiki, kuma BPA kwaikwayon homon ɗin mata na istirojin yake yi, abin da aka sani tun shekarun 1930. A 2023 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta rage adadin da ta ce jiki zai iya ɗauka a rana har ninki 20,000, daga mikirogiram 4 zuwa nanogiram 0.2 a kowane kilo na nauyin mutum. Tun 2011 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shi a fidar jarirai. Ba don tausayin ɓera suka yi ba.

Kuma kar tambarin "BPA free" (wato babu BPA) ya kwantar da hankalin kowa. A 2018 Hunt ta sake ganin matsalar a ɓerayenta, wannan karon daga BPS, ɗan'uwansa da aka maye gurbinsa da shi.

Ki juya ƙasan robar ki duba. Lamba 7 tare da PC polikabonet ce, irin wasu manyan gorunan ruwa na dispensa, kuma bai kamata a jibge su a rana ba. Ki haɗa madara a kwalba ko kofin silba, ta huce sannan ki juye. Fidar da ta yi zane ko ta dushe, ki jefar. Ledar fiya wota wata roba ce daban, kar a cakuɗa maganar.

Masu sana'ar POS kuma su ne suka fi damuna. Takardar rasit mai santsin nan sau da yawa BPA ko BPS ake shafa mata don rubutu ya fito idan zafin inji ya taɓa ta, kuma yana ratsa fata. Hannun da aka shafa wa sanitaiza ko mai ya fi jan shi. Yaro zai yini yana yage rasit, ya sayi awara ya ci da hannun bai wanke ba.