Komodo na da masu yi masa kuka, dodon koɗin Kaputar fa?

A watan Satumban 2021 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta mayar da ƙadangaren Komodo rukunin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, kafafen labarai na duniya suka ɗauka. Ya cancanci hakan. Ɗan uwan damo da guza ne, sai dai tsawonsa kan kai mita 3, yana kayar da barewa har da ɓauna, kuma ba a samunsa a daji sai a 'yan tsibiran Indonesiya irin su Komodo, Rinca da Flores. Teku na ƙara hawa, tana cinye masa mazauni.

A rukunin nan dai akwai wani dodon koɗi marar katantanwa, launinsa ruwan hoda garau, tsawonsa kusan santimita 20. Duk duniya gidansa ɗaya: ƙololuwar dutsen Kaputar a jihar New South Wales ta Ostareliya, mai tsawon kimanin mita 1,500. Da rana yana ɓuya a ƙarƙashin ganyen da ya zube, da dare ya hau bishiya yana kankare gansakuka. Da wutar daji ta 2019 ta bi ta dutsen, guda kusan 60 ma'aikatan gandun dajin Kaputar suka gani bayan an yi ruwa.

A ganina halin da dodon koɗin ke ciki ya fi tsanani, ko da yake ba shi ake yi wa kuka ba. Komodo na da gandu tun 1980, UNESCO ta sa gandun cikin kayan tarihin duniya a 1991, har filin jirgin saman garin Labuan Bajo da ke tsibirin Flores sunansa ya ci. Ana kuma kiwonsa a gidajen namun daji na ƙasashe da dama. Shi kuwa na Kaputar sanyi da laima ke riƙe da ransa, kuma ya riga ya kai ƙarshen dutse. In zafi ya ƙaru, ina zai hau?

Ba na ƙin farin jinin Komodo, kuɗin masu yawon buɗe ido na taimakon tsibiran da murjanin da ke kewaye da su. Abin da ke damuna shi ne yadda girman jiki ke zaɓa mana wanda za mu tausaya wa. A dutsen Kaputar akwai wasu dodannin koɗin da ba a samu ko'ina sai can, gobara ɗaya a shekarar fari na iya haɗawa da su duka.