Kafin ku ce yaro daƙiƙi ne, a duba idonsa

Iyaye da malamai, yaron da ke kwafar rubutu daga littafin na kusa da shi maimakon allo, ko yake ƙanƙance ido, ko yake kai littafi har hanci, ba lalle daƙiƙi ba ne. Sau da yawa gani ne ba ya yi sosai. Kuma ba zai yi ƙorafi ba, don a zatonsa haka kowa ke gani.

Gwajin farko ko malamin aji zai iya. A kafa allon gwaji mai harafin E a wuri mai haske, yaro ya tsaya nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba, ya nuna inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Sai a sauya ido. In ya kasa layin da aka yi wa lamba 6/12 a jikin allon, sai asibiti.

Sai dai wannan gwajin matsalar hangen nesa ya fi kamawa. Akwai yaron da zai karanta allon tsaf, amma da ya duƙufa kan littafi sai ciwon kai da hawaye, yana tsallake layi, a Islamiyya wasulla na cakuɗe masa. Tsokar idonsa ce ke aikin wahala don ta daidaita gani, har ta gaji. Irin wannan ne ya fi shan bulala. Sai an ɗiga masa maganin da ke sassauta tsokar kafin a auna masa tabarau daidai, shi ya sa tabaran bakin titi ɓata kuɗi ne. Zancen wai tabarau na kashe ido kuwa, babu shi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙaiƙayin idon nan da ke rina farin ido ya koma ruwan ƙasa. Sai a ruga kemis a sayo maganin ɗigawa mai sitiroyid, wato sinadarin da ke kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Ƙaiƙayi ya lafa, a yi ta ɗigawa wata da watanni, ƙarshe ya jawo hawan jinin ido ko yanar ido. Ganin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa.

Harara-garke ma ba a jira wai zai miƙe da kansa. Ƙwaƙwalwa kan yi watsi da idon da ya karkace, gyaran kuma ya fi ci kafin shekara 7.

Mu a Kaduna ba mu da uzuri, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a cikin garinmu. In an auna ido lafiya lau amma yaro na ci gaba da rikita haruffa, to mai yiwuwa matsalar koyon karatu ce, wadda tabarau ba ya maganinta, malamin da zai zauna da shi harafi bayan harafi yake buƙata.