Ni da kujerar layi na uku

Tunda kowa ya riga ya ga hoton nan nawa da jaridarmu ta ɗalibai ta buga, gara in ba da labarin da bakina kafin mai hoton nan ya sake ƙara masa gishiri.

Taron jaridarmu ta ɗalibai ne, ranar Laraba bayan lakcar ƙarshe, a ƙaramin ɗakin lakcan nan mai kujerun katako masu naɗewa. Edita ta ce kowa ya faɗi abin da yake ganin ya dace da shafin farko. Wani ya ce famfon ɗakin kwanan maza da ya yi mako biyu yana huci babu ruwa. Wata ta ce jadawalin jarrabawa da ake sauyawa cikin dare. Wani ya kawo maganar soket ɗin laburare da ake yi wa layi. Sai wannan 'yar aji ɗaya, mai tabarau, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce ita kujerun ɗakunan lakca take so a yi rubutu a kai. Wai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta lambar duk wadda ta karye a bayan littafinta.

Ni kuwa kwana biyu na yi ina shirya jawabi. Har zanzaro na yi.

Na miƙe, na gyara murya, na ce jama'a mu daina raina kanmu. Na ce jaridar ɗaliban jami'ar Harvard ta Amurka tun 1873 ake buga ta, har Franklin Roosevelt ya taɓa shugabantar ta kafin ya shugabanci Amurka. Ta jami'ar Yale tun 1878. Na ce a jami'ar Stanford ɗalibi ne, Theo Baker, ya fara wallafa rahoto a ƙarshen 2022 kan hotunan da aka jirkita a wasu takardun binciken kimiyya masu ɗauke da sunan shugaban jami'ar, kuma a Yulin 2023 shugaban ya sanar da murabus. Na ce ga abin da ake kira aikin jarida. Mu kuma mun zauna muna zancen famfo da kujera. Na juya na dubi yarinyar nan, Allah ya yafe mini, na ce: "Ƙanwata, kujera ba labari ba ce. Aikin kafinta ne."

Ta gyara tabarau ta ce: "Yaya, shi Theo Baker ɗin ai ɗan aji ɗaya ne a lokacin, ko? Kuma da bin hotuna ɗaya bayan ɗaya aka fara."

Ba ni da amsa. Sai na yi murmushin nan na manya, na ɗaga hannu alamar za mu dawo kan maganar, na koma na zauna. Da ƙarfi na zauna, irin zaman wanda ya gama da kowa.

Da farko wata 'yar ƙara na ji, ƙiiii, kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa. Na ɗauka kujerar wani ce. Wallahi har na waiga in ga ta wane ne. Daga nan sai ƙasa ta taso ta tarye ni. Katakon zama ya bar ƙarfensa ya tafi, ni kuma na bi shi, amma ban kai ƙasa ba, domin ƙarfen ya riƙe ni a tsakiya. Na naɗe gida biyu, gwiwoyina a haɓata, takalmi ɗaya ya fice ya yi layi na biyu. Takardun jawabina suka tashi sama suna saukowa a hankali, wadda na rubuta 1873 da manyan lambobi ta sauka a ƙirjina.

Ɗaki ya yi tsit. Fanka kawai ke juyawa. Wannan shirun ya fi komai ciwo, domin a cikinsa ina kallon fuskoki goma kowa na kokawa da bakinsa. Wani ya ce "sannu" da wata siririyar murya, muryar ta karye a tsakiya, shi ke nan. Har da mai buga tebur. Har da wadda ta fita waje ta ƙarasa dariyarta ta dawo tana share hawaye.

Mutum biyu suka kama hannuwana suka ja. Na ce su dakata, akwai abin da ya riƙe ni ta baya. Ba su ji ba. Ƙusa ce. Ƙarar da wandon nan ya yi, ɓaaar, daga ƙugu har bayan gwiwa, ina jin har masu wucewa a baranda sun ji ta.

Sai ga yarinyar nan ta buɗe bayan littafinta, ta bi da yatsa, ta ce a hankali: "Tana ciki. Layi na uku, ta biyu daga hagu." Edita ko kallona ba ta yi ba, ta ce shafin farko ya samu.

To amma mai hoto. Kun san shi. Mutumin da ranar bikin yaye ɗalibai ya ce batirinsa ya mutu. Ranar da muka samu hira da shugaban ƙungiyar ɗalibai bayan mako uku muna binsa, ya ce ya manta katin kyamara a wani wandon. Shekara biyu muna aiki tare, bai taɓa ɗaukar hoto ɗaya da kan mutum ya fito cikakke ba. Ranar nan kuwa kyamara na hannu, caji cike, haske daidai. Hoto goma sha huɗu ya ɗauka. Kuma da cazata ya yi cajin, wadda ya ara tun zangon karatun da ya wuce. Da na yi masa magana sai ya ce ai ya rufe fuskata. Ya rufe ɗin. Amma ya bar safar nan mai ratsin rawaya da duk sashenmu ya sani, ya bar takardar 1873. A ƙasan hoton aka rubuta "wani ɗalibi". Washegari tun daga ƙofar laburare ake gaishe ni da "wani ɗalibi, ya jiki?"

Da jaka na rufe bayana na koma ɗaki, ina tafiya a kaikaice ina bin bango.

Kwafin jaridar suka ƙare kafin azahar, abin da bai taɓa faruwa ba. Bayan mako ɗaya kafintoci suka zo suka gyara kujerun ɗakin nan, har sun taɓa na ɗakin kusa da shi. Yanzu yarinyar ce ke riƙe da shafi na biyu, ta koma kan famfo. Dogon sharhina kan Stanford yana wurin Edita, ta ce in rage shi ya dawo rabi, kuma in bari sai an samu wuri.

Tela ya ce wandon zai ɗinku amma sawun zai fito. Caza kuma har yau ba ta dawo ba.