Littattafan giyar Italiya da abin da suka yi wa manomi

Duk watan Oktoba, daidai lokacin da ake tsinke inabin Nebbiolo na ƙarshe a tuddan Langhe na yankin Piemonte, littattafan jagorar giyar inabi suke fitowa a Italiya. Ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Akwai Vini d'Italia na kamfanin Gambero Rosso, akwai Slow Wine na ƙungiyar Slow Food mai fafutukar kare abincin gargajiya, akwai na Veronelli, ga Vitae, ga Bibenda. Kowanne kaurinsa ya kai na ƙamus, kowanne kuma da alamar yabonsa: wannan tambulan uku, wancan dodon koɗi, wani nonon inabi biyar. A nan yankin Piemonte inda nake zaune, makon fitowarsu mako ne na zullumi ga masu gonaki, don shafi ɗaya yana iya ɗaga farashin kwalba, yana iya sa ɗan kasuwa daga Amurka ko Japan ya bugo waya gidan da bai taɓa jin sunansa ba.

Na san wani zai ce me ya haɗa Bahaushe Musulmi da littafin giya. Ban taɓa kai ta bakina ba, kuma ba tallarta na zo yi ba. Karatun tattalin arzikin noma ne ya kawo ni ƙasar nan, kuma duk wanda yake son ya gane yadda ƙaramin manomi mai hekta biyar yake sayar da amfaninsa da sunan gidansu har Tokyo, ba makawa sai ya buɗe waɗannan littattafai. Abin da nake aunawa a cikinsu ke nan: me suka yi wa mai gona.

Tarihinsu ya faro ne daga abin kunya. A watan Maris na 1986 aka gano cewa ana zuba sinadarin metanol a giya mai arha don a ƙara mata ƙarfi, kuma tushen abin yana garin Narzole, a lardin Cuneo, maƙwabcin garuruwan da ake yin shahararriyar giyar Barolo. Mutane kusan ashirin suka mutu, wasu suka makance. Ƙasashen waje suka riƙa tsare kaya a kan iyaka, cinikin waje ya faɗi. Mai gaskiya da maƙaryaci duk tabo ɗaya ya shafe su, saboda a wancan zamanin yawancin manoma inabinsu suke sayar wa manyan dillalai, a haɗa na kowa a tanki ɗaya, mai saye bai san hannun da ya noma ba. A wannan shekarar Stefano Bonilli ya fara Gambero Rosso a matsayin 'yan shafuka a cikin jaridar il manifesto, a wannan shekarar kuma Carlo Petrini da abokansa suka kafa Arcigola a garin Bra, wadda ta rikiɗe ta zama Slow Food. Su biyun suka haɗa hannu suka fitar da Vini d'Italia na farko, bugun 1988. Kafin su marubuci Luigi Veronelli ya daɗe yana kira a rubuta sunan gona da sunan manomi a jikin kwalba, amma wannan littafin ne ya mayar da kiran ya zama kasuwa.

Yadda Gambero Rosso yake aiki shi ne masu gonaki su aika kwalabe, a lulluɓe sunayen, kwamitocin yankuna su ɗanɗana, waɗanda suka tsallake su je zagayen ƙarshe. Wadda ta yi zarra a ba ta tambulan uku. A bugun farko ba su wuce 'yan gommai ba, yanzu suna kusan 500 a shekara, abin da ya sa wasu suke cewa yabon ya yi araha. Amfanin tsarin a bayyane yake: da yake an rufe suna, ɗan talakan manomi daga La Morra yana iya kayar da gidan sarauta na Toscana. Haka kuwa aka yi. 'Ya'yan manoman da iyayensu suke jiran dillali ya yanka musu farashi a kasuwar Alba suka koma zuba nasu a kwalba. A yau hekta ɗaya a gonakin Barolo masu suna ana zancen Yuro miliyan 2 ko fiye. Ba littafi kaɗai ya jawo haka ba, doka ma ta yi nata: Barolo sai da inabin Nebbiolo zalla, daga garuruwa 11 kawai, kuma ba a sayar da ita sai ta yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar katako. Amma doka iyaka take shatawa kawai. Littafi ne yake faɗin wanda ya fi iyawa a cikin iyakar.

Inda nake da ja da shi shi ne ƙarfin da ya tara. Idan mutum ya ɗanɗana kwalba ɗari a yini, wadda ta fi ƙarfi da ƙamshin katako ita ce za ta tsaya masa a baki. Shi ya sa a shekarun 1990 yabo ya karkata ga giyar da aka ajiye a ƙananan gangunan Faransa masu cin lita 225, masu gonaki da yawa kuma suka bi, ba don ƙasarsu ta buƙaci haka ba, sai don alƙalai haka suke so. An san labarin Elio Altare, wanda ya sa zarto ya yanka manyan gangunan mahaifinsa don ya koma sabon salo, an kuma san Bartolo Mascarello, wanda ya ƙi sabon salon har ya mutu a 2005. Yau kasuwa ta dawo tana rububin irin na Mascarello. Littafin da aka yi don ya bayyana abin da manomi yake yi ya wayi gari yana gaya wa manomi abin da zai yi. Sannan a 2008, da aka zargi wasu manyan gidaje a Montalcino da surka giyarsu ta Brunello da wasu nau'o'in inabi, alhali doka ta ce inabin Sangiovese zalla, ba harshen masu ɗanɗano ne ya tono maganar ba, masu gabatar da ƙara na Siena ne. Baki yana gane daɗi, amma ba ya karanta takardun gona.

Slow Food ta raba gari da Gambero Rosso a 2009, ta fitar da nata littafin, Slow Wine, bugun farko na 2011. Ni dai shi na fi ganin darajarsa. Ba ya ba da maki. Wakilansa suna taka ƙafa su je gonar, kuma shafin kowane gida kashi uku ne: mutanen gidan, gonakinsu, sai giyarsu a ƙarshe. A ƙasa za ka ga hekta nawa suke nomawa, kwalba nawa suke fitarwa, wane taki suke sawa, da me suke kashe ciyawa, ko inabin nasu ne ko sayowa suke yi. Ko wanda ba ya shan giya zai karanta shafin ya ƙaru, kamar rahoton malamin gona. Shi ma yana da nasa son zuciyar, don ƙaramin gida mai noma ba da magani ba ya fi shiga ransa, kuma wanda ya ci abinci a teburin mai gona da wuya ya rubuta masa baƙar magana. Duk da haka, gara wanda ya je ya gani da wanda aka aiko masa da kwalba.

Idan na waiwaya gida, abin da yake damuna ba rashin sani ba ne. Sani muna da shi. Ka zauna da tsohon ɗan kasuwar goro a Kano ka ji yadda yake rarrabe goriya da marsa da minu, yadda yake sanin daushe daga sabo tun kafin ya ɓare, yadda yake faɗa maka ɗan Gwanja ne ko ba shi ba. Wannan ƙwarewa ba ta gaza ta mai ɗanɗanon giya a Alba ba. Bambancin shi ne tana zaune a kan dillali, kuma da shi take mutuwa. Mai saye ya san dillali, dillali ya san manomi, amma ba ya so su haɗu, don a nan abincinsa yake. Mu suna yana tsayawa a kan gari: albasar Galmi, albasar Aliero, cittar Kachia, tattasan Diffa, shinkafar Kura. Wane ne a Galmi ya fi iya busar da albasa ta kai damina ba ta ruɓe ba? Mutanen garin sun sani, mai saye a Abidjan ko Accra bai sani ba, saboda haka gwani da ragon manomi kuɗi ɗaya ake ba su a buhu. Daidai halin da manoman Langhe suke ciki kafin 1986.

Wani lokaci ko sunan garin ba ya tsira. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi ɗaruruwan shekaru tana ƙetare Sahara, Turawa suna kiranta fatar Maroko saboda ta can take iso musu. Yau ma fatun da ake jemewa a Kano suna zuwa masana'antun Italiya, su fito a matsayin jaka ko takalmi da sunan Italiya a jiki, mutanen da suka fi kowa tsare sunan tudun da inabinsu ya fito. Nijar ta ɗan motsa, ta yi wa albasar Galmi da kilishinta rajista a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, don kada wani ya ari sunan. Mataki ne mai kyau, amma shi ne ɓangaren doka, wato shata iyaka. Ɓangaren littafi, wanda zai bi gida-gida ya rubuta wane ne wane, har yanzu filin a buɗe yake. Kuma idan har za a yi, salon Slow Wine ya fi dacewa da mu. A ƙasar da lambar yabo take bin mai uwa a gindin murhu, tambulan uku ba za su yi shekara biyu ba a fara cinikinsu. Hekta nawa, wane iri, wane taki, ina rumbun yake, waɗannan abubuwa ne da kowa zai iya zuwa ya duba ya ƙaryata.

Akwai kuma wurin da littattafan nan duka suka tsaya, kuma a nan ne abin ya fi shafar mu. Suna ba da labarin kakan mai gona da jikarsa da ta karanta ilimin haɗa giya a Torino, amma ba sa faɗin wanda ya yi aski wa kurangar a sanyin Fabrairu, ya tsinke inabin a kaka. Yawancin aikin baƙi ne suke yinsa, 'yan Masedoniya da Albaniya da Romaniya tun da daɗewa, yanzu kuma ga 'yan Afirka ta Yamma, cikinsu har da masu jin Hausa. Da yawa ba mai gona ne yake ɗaukarsu kai tsaye ba, ta hannun 'yan kwangilar ƙwadago suke zuwa, kuma a nan ɓarnar take ɓuya. Italiya ta tsaurara doka a kan wannan a 2016, doka mai lamba 199, wadda take hukunta ɗan kwangilar da mai gonar da ya ci moriyar zaluncin. Amma a 2024 hukumomi a lardin Cuneo sun kama 'yan kwangila da laifin bautar da ma'aikata a gonakin inabin Langhe, a yankin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya tun 2014, kuma kowa a Alba ya san akwai masu kwana a bakin kogin Tanaro a lokacin tsinka.

Slow Food tana maganar adalci ga ma'aikata a cikin manufofinta, na yarda. Amma shafin da ya samu wurin rubuta irin takin da aka zuba zai samu wurin layi ɗaya na daban: ma'aikata nawa ne na dindindin, nawa ne na kaka, gidan ne ya ɗauke su ko ɗan kwangila, kuma nawa ne kuɗin awa. Wakilin da ya riga ya zo gonar ba sai ya ƙara tafiya ba, takardun albashin suna ofis ɗaya da takardun feshi.